Ranar da Sujan Ya Sunkuyar da Kai

Ranar da Corinne Vasko ta fara aiki a wani ƙaramin kamfanin manhajar waya a Pittsburgh ta Amurka, kusa da Sujan Thapaliya aka ajiye ta, wani siririn saurayi ɗan Nepal mai ƙarancin magana. Ya ɗago ya dube ta, ya janye kwanon abincinsa daga teburinta, ya ce ta yi haƙuri da warin tafarnuwa. Ta ce in dai zai riƙa sam mata, ta yafe.

Aikin farko da aka ba ta shi ne agogon auna gudu, a manhajar da masu koyar da tsere a makarantu ke amfani da ita. A danna ya fara, a danna ya tsaya. Ta tsara shi ya riƙe lokacin da aka danna, ya riƙa gwada shi da agogon wayar, yadda ko wayar ta yi barci a aljihu lissafi ba zai ɓace ba. Sujan ne ke duba aikin kowa kafin ya wuce. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Na duba aikinki, babu kuskure. Na sake dubawa don kawai in daɗe a kansa. Kori, za ki ci momo, abincin ƙasarmu, da ni ranar Asabar?"

"Zan ci, Sarkin Shiru. Amma ka zo da bakinka, ba zan zauna da bango ba."

Kafin sanyi ya shigo sun shaƙu, har ta kai shi gida. Mahaifiyarta Dolores ta cika masa faranti da pierogi, abincin gargajiyar gidansu. Mahaifinta Stan, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe, bai tambaye shi iyayensa ba, takardar zamansa ya tambaya. Da baƙon ya tafi, ya ce wa 'yarsa yaron ba ita yake so ba, izinin zama yake nema. Ta yi kwanaki ba ta taka gidan ba.

Shugaban sashensu, Brent Hollis, ya taɓa neman ta fita da shi ta ƙi. Shi ne ya buɗe aikinta, ya ce ya yi tsawo, ya maye gurbinsa da mai ƙirga daƙiƙa ɗaya-ɗaya, ya bar sunanta a kai. Sujan ya gani, ya yi masa magana, Brent ya tuna masa cewa takardar izinin aikinsa a ƙasar ba za ta sabuntu ba sai shi Brent ya sa hannu.

Manhaja ta fita, ƙorafi ya biyo baya. Da waya ta yi barci sai agogon ya tsaya, har aka cire wata yarinya daga gasa saboda lokacin ƙarya. A taro Brent ya ce ai sabuwar ma'aikaciya ce, ba ta ƙware ba. Corinne ta ce ba haka ta rubuta ba, akwai wanda ya duba. Ta juya ta dubi Sujan. Ya sunkuyar da kai.

A ranar aka sallame ta. Sujan ya kira, ta ƙi ɗauka, sai saƙo ɗaya ta aiko masa:

"Kada ka sake ce min Kori. Babana bai san ka ba, amma ya fi ni ganin ka."

Sujan ya kasa cin abinci, ya kasa duban kujerarta. Ƙarshe ya je wurin mai kamfanin ya faɗi duk abin da ya gani. Aka bincika, aka tabbatar. Amma Brent ƙanin matar mai kamfanin ne, jan kunne kawai aka yi masa. Takardar Sujan kuwa aka bar ta ta mutu. Kamfanin ya nemi Corinne ta dawo aiki, ta ce su riƙe kujerarsu.

Da ƙyar ya sami aiki a Halifax ta Kanada. Kafin ya tafi ya zo ƙofar gidan Vasko, ya ƙi shiga. Ya gaya wa Stan cewa yanzu ba ya bukatar takardar Amurka, ƙasar ma zai bari, kuma har yanzu 'yarsa yake so ya aura.

Corinne ta fito ta tsaya a gabansa.

"Ka yi magana bayan an gama yanka ni," ta ce.

"Na sani. Tsoro ne."

"Ba zan manta ba, Sujan. Duk ranar da muka yi faɗa sai na tuna maka."

"Ki tuna min. Ni dai ki kasance kusa."

A kotu aka ɗaura auren, ba taro. Iyayensa suka kalla ta waya daga Pokhara ta Nepal, uwarsa na kuka tana sa albarka. Dolores ta rungume su duka biyun. Stan ya tsaya a baya da tsohuwar kwat ɗinsa, sai da aka gama ya matso ya kama hannun angon, ya riƙe da ƙarfi.

"Na yi ta addu'a ka tafi," ya ce. "Ban san da ita za ka tafi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."