Igiya Ta Uku a Gidan Samariya

"Zakari, ka ce musu Ladi ka kira. Shi kenan abin da nake roƙo..."

"Ba Ladi na kira ba, Jamila. Kin ji da kunnenki."

"Ban ji ba. Wallahi na fasa ji."

Ta durƙusa da tsohon cikinta ta riƙe ƙafarsa. Ya kasa dubanta.

Zakari malamin makaranta ne a lakwal ta Madarumfa, yara suna ce masa Mushe. Kowace yamma shi da matarsa Jamila suna tara yaran gari a tsohon gidan samariya, shi yana koya musu wasan kwaikwayo, ita rawa da waƙa. Suna son juna, kowa ya shaida. Amma Zakari bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Sau biyu ya sake ta cikin fushi, sau biyu ya bi ta garinsu Safo yana ba iyayenta haƙuri. Igiya ɗaya ta rage masa, ita ma bai iya riƙonta ba.

Ranar da abin ya faru sun yi faɗa da safe. Da yamma ana gwajin wasan da za a kai gasa Maraɗi, Nura, yaron da ke fitowa a miji, ya kasa sakin matarsa ta wasa mai suna Ladi. Da ya buɗe baki sai dariya.

"Kauce in nuna maka," in ji Zakari. Ya tsayar da Jamila a wurin Ladi, ya dube ta, fushin safe bai gama sauka ba.

"Jamila, tahi gidanku. Na sake ki."

Mai ganga ya tsaya. Kawunta Mamman, da ya biyo daga lambun bakin tafki ya kawo mata ganyen salati, yana tsaye a ƙofa.

Da Mamman ya kai maganar, Malam Shu'aibu limamin unguwa bai ja ta ba. Ya ce in Ladi Zakari ya kira, labari ya bayar. In matarsa ya fuskanta ya kira sunanta, to saki ba ya karɓar wasa. Mamman kunnensa ya yi nauyi, don haka a kawo yaran gobe su faɗi abin da suka ji.

Da safe Jamila ta tara su ba da sanin mijinta ba.

"Farida, mi Mushe ya ce?"

"Ya ce Jamila..."

"A'a, ɗiyata. Sake. Ki dubi idona, kada muryarki ta yi rawa."

"Ya ce Ladi."

"Yauwa. Nura, kai kada ka yi dariya, don Allah. Aurena ne."

Bayan la'asar suka jeru a zauren Malam. Ɗaya bayan ɗaya suka ce Ladi, murya a tsaye, ido a buɗe, numfashi daidai. Duk yadda Zakari ya koya musu. Farida har ta ɗora hannu a ƙirji.

Malam ya ce, "Za ki iya rantsuwa, yarinya?"

Farida ta dubi Jamila. Jamila ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta miƙa hannu wajen Alƙur'ani.

"Sauke hannunki, Farida," in ji Zakari.

"Zakari... masoyina, don abin da ke cikin nan..."

"Allah gafarta Malam, Jamila na ce. Da fushi kuma na faɗa." Ya juya ga yaran. "Iyayenku sun ba ni ku in koya muku wasa. Ban karɓe ku don ku rantse kan ƙarya ba."

Daidai ya yi. Amma gaskiyar da ya faɗa a zaure ba ta gyara ɓarnar da bakinsa ya yi a gida ba, kuma kada wani ya yaba masa fiye da haka.

Washegari Mamman ya kawo amalanken jaki aka ɗora kayanta. Yaran suka bi su har bakin gari, ba mai waƙa.

Jamila ta kira Zakari kusa.

"Rawar ƙarshe, Farida tana saurin juyawa. Ka riƙa ƙirga mata."

"Ban iya rawa ba, Jamila."

"To ka koya," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.