Dutsen Taimama na San Faransisko

Ku matso kusa. Rabi, rage fitilar nan. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa bayan gida ba.

Kun san hoton nan da ke rataye a ɗakin Gwaggo Tabawa, na mutum mai jar rigar sanyi, da wata doguwar gada a bayansa? Kullum kuna tambaya wane ne, kullum ana kora ku wasa. To, yau za ku ji. Ɗanta ne na fari. Sunansa kuwa, kada ku tambaye ni tukuna.

Amurka ya tafi, wani birni na bakin teku da ake kira San Faransisko. Gari ne na tuddai. Da sassafe wani farin hazo mai danshi yakan taso daga teku ya lulluɓe shi, har mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Aikin da ya samu shara ne a wani lambun shaƙatawa a kan tudu, ya share ganye, ya yashe kwata. Tun kafin asuba yake fita. Ba shi da kowa a garin. Abin da ke riƙe da shi kawai wayar da yake yi wa uwarsa kowace Juma'a. In ta ɗauka sai ta ce, "Yaron nan ne?" Kun dai san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta shi ba.

Sanyin garin ya tsattsaga masa hannu, har jini yake yi in ya taɓa ruwa. Ranar da kuma ya daure ya shiga banɗakin lambun ya ɗora ƙafa inda ake wanke hannu zai yi alwala, shugaban aikinsu ya yi masa tatas. Sai ya ce bari ya nemi dutse ya riƙa taimama.

Bai sha wahalar nema ba. Kwatocin lambun nan duk da fararen duwatsu aka shimfiɗa su. Ya ga wani ya ɓamɓaro, mai faɗi kamar faifai. Ya juya shi. A bayansa akwai wani guntun rubutu da aka sassaƙa, ya riga ya dushe. Bai damu ba. Ya wanke shi, ya ɓoye a gindin wata bishiya. Kowace asuba sai ya ɗauko, ya buga tafinsa, ya shafa. Yau da gobe, rubutun nan ya shafe sarai, dutse ya koma sumul.

Akwai wani tsoho da suke aiki tare, baƙar fata, haifaffen garin, sunansa Walter. Wata rana tsohon ya same shi riƙe da dutsen. Tsoho ya tsaya cak.

"Ina ka samo wannan?"

"A kwata."

"Ka san mene ne?"

"Dutse mana."

Tsoho ya jingine tsintsiyarsa. Ya ce a zamanin kakanninsa birnin nan cike yake da maƙabartu. Da gari ya bunƙasa, sai aka ce ƙasa ta yi tsadar da ba za a bar wa matattu ba. Aka tone su, aka kwashe zuwa wani ƙaramin gari a kudu, inda har yau matattu suka fi masu rai yawa. Wanda yake da dangi, suka zo suka ɗauki dutsen kabarinsa. Wanda ba shi da kowa, aka farfasa nasa, aka yi kwata da shi, wasu aka zuba a bakin teku don tare igiyar ruwa. Akwai ma waɗanda aka manta ba a tone ba, aka yi gini a kansu.

"Da rubutu a jikinsa?" in ji tsoho.

"Da akwai."

"Yanzu fa?"

Ya nuna masa. Tsoho ya ɗauki tsintsiyarsa ya yi gaba.

Ɗan Gwaggo ya dubi dutsen. Ya ƙudura gobe zai mayar da dutsen inda ya ɗauko. Da ma a ranar ya mayar, ko da yake ban sani ba ko da hakan ta yi amfani.

Washegari hazo ya yi kauri fiye da kullum. Walter bai iso ba. Shi kaɗai ya hau tudun. Fitilun hanya sun zama kamar kyandir a cikin ƙwarya. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar mota. Ya durƙusa a gindin bishiyar ya ɗauko dutsen.

Sai ya ji ɗigar ruwa a bayansa. Ɗis. Ɗis.

Ya waiga. Mutum ne dogo, da doguwar kwat irin ta mutanen da, jiƙe sharkaf. Ya dubi ƙasa. Ƙafafun mutumin sun nutse cikin kwalta har idon sawu, kamar wanda ke tsaye a kogi. Ya ɗaga kai ya dubi fuska. Ba ido, ba hanci, ba baki. Sumul, fara, kamar dutsen da ke hannunsa.

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, aljani ne da ya daɗe a kabarin. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani, da ya yi magana, ba daga kansa muryar ta fito ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ta fito, kuma da Hausa, irin tamu ta Bakori.

"Sun ɗauke mini kabari, na yi shiru."

Ya fara addu'a a zuci, muryar ta ci gaba.

"Sun sa ni a kwata, ruwa yana bi ta kaina, na yi shiru. Rabin sunana ya rage mini a duniya. Kai ka goge shi."

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"Su ma haka suka ce. Juya dutsen."

Ya juya. Ga sunansa nan, nasa na yanka, an sassaƙa shi raɗau.

"Na ɗauki naka. Dutsen kyauta ne, riƙe. Amma ni ba azzalumi ba ne kamar su. Kafin hazon nan ya washe, in ka sami mutum ɗaya da ya kira ka da sunanka, na mayar maka. Ni ban samu ba."

Daga nan ya nutse cikin kwalta a hankali, har kan ya ɓace.

Ya gangaro da gudu. A bakin ƙofar lambu ya ci karo da Walter. Ya riƙe tsohon, ya ce ya kira shi da sunansa. Tsoho ya buɗe baki, ya rufe, ya sosa kai. Ya nuna masa dutsen ya ce karanta. Tsoho ya ce shi bai ga komai ba.

Sai ɗan Gwaggo ya kira ni a waya. A nan bayan azahar ce, ranar sunan Rabi ɗin nan da ke zaune, gida cike da mata. Na gane muryarsa sarai. Mutumin da muka tashi a tabarma ɗaya. Na lalubi sunan a kaina, wayam. Ya ce da ni cikin kuka, "Kai wa Inna. Yi sauri."

Ya san abin da yake yi. Kowa ya manta, amma ita ba ta manta ba. Sunan da ba ta taɓa fitarwa ba yana nan a ƙirjinta.

Na same ta a tsakar gida, dangin mijinta zagaye da ita. Na ɗora mata wayar a kunne.

"Yaron nan ne? Yau ai ba Juma'a ba ce."

"Inna, kin san sunana?"

Ta yi dariya. "Ji shi. Ni da na haife ka?"

"Faɗi, Inna."

"Kai, ka sha wani abu ne? Ka taɓa jin na faɗa?"

"Don Allah, Inna. Don Annabi. Sau ɗaya."

Ta dubi matan, matan suna dubanta. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ji kukansa, ta san ba lafiya ba. Amma kunyar shekara talatin da wani abu ba ta fita a gaban surukai.

Ta yi ƙasa da murya. "Bari in shiga ɗaki."

Kun san gwiwoyin Gwaggo. Ta dafa ƙasa, ta dafa ni, ta miƙe. A can kuma yana tsaye, yana kallon saman bishiyoyi sun fara bayyana. Rubutun da ke kan dutsen yana dushewa. Yana cewa, "Inna, yi sauri." Tana cewa, "Ga ni nan, ga ni nan." Wata ta tare ta da barka, ta amsa. Ta cire takalmi. Ta ɗaga labule. Ta tura ƙofa.

Hazo ya washe, rana ta hasko tudun.

Ina tsaye kusa da ita. Na ga ta ja numfashi, ta buɗe baki. Ta daɗe a haka. Sannan ta cire wayar daga kunne, ta dube ta, ta mayar.

Ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Har yau yana can. Ya sha yunƙurin dawowa, amma duk layin da ya shiga sai a tsallake shi, duk wanda ya yi wa magana sai ya manta kafin ya juya. Shara yake yi, da dutsen a aljihunsa. Ni nake ɗauka in ya kira. Labarin ya zauna a kaina, amma in ya faɗi sunansa, ƙugin teku kawai nake ji.

Saboda haka in Allah ya kai ɗayanku wani gari, kada ya tsinci dutsen da bai san asalinsa ba. Kada kuma ya hau tudun nan shi kaɗai cikin hazo.

Gobe Juma'a. In kun ji wayata ta yi ƙara bayan la'asar, ku lura da Gwaggo. Za ta karɓa, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya yi kuskuren lamba. Sannan ta shiga ɗaki ta zauna a ƙarƙashin hoton nan tana hawaye. In kun tambaye ta me ya faru, za ta ce ita ma ba ta sani ba.