Rabin Awa Zuwa Asibiti

Dare ya raba lokacin da direban tasi ya ɗauki wata mata a bakin gada. Ta zauna a baya, ta lulluɓe fuskarta.

"Yaushe za mu kai asibiti?"

Ya dubi allurar gudu. "Kilomita arba'in ne, baiwar Allah. A gudun nan, rabin awa."

Ya taka mota sosai, amma bishiya ɗaya yake ta wucewa.

"Haka ka ce mini bara, Baban yara. Na yi ta jira har numfashina ya ƙare."

Hannu mai sanyi ya dafa kafaɗarsa, daidai inda matarsa ta riƙe shi daren naƙudarta.

"Sassauta," ta ce. "Yanzu ba sauri muke ba."