Kunnen Baba a Cikin Kwamfuta

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye gaban teburin duba yadi a masaƙa, fitila na haska yadin ta ƙasa, tana ja tana bin sa da ido. Shi kuwa injiniya ne da aka ɗauko ya haɗa injinan saƙa da kwamfuta. Ya shigo da farar hular kwano wadda ko ɗigon mai bai taɓa ba, ya tsaya a kanta.

"Ni ban ga aibun komai ba," ya ce.

"Ga zare ya tsallake nan." Ta shata wurin da alli. "Matsa, Injiniya, kana tare min haske."

Daga ranar ya raɗa mata suna Mai-ido. Kafin wata ya ƙare, saƙonsa ke shigowa wayarta tun kafin a kaɗa ƙararrawar tashi daga aiki.

"Mai-idona, yau na wuce teburinki sau huɗu. Sau ɗaya ne kawai aiki ya kai ni."

Ta amsa: "Na ƙirga biyar. Ka rage ƙarya, Injiniyana."

Mahaifinta shi ake kira Baba Kunne. Shekara talatin da ɗaya yana zagaya injinan nan. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya ce, "Wannan tari yake, jibi zai tsaya." Jibi kuwa ya tsaya. Kowace ƙara da sunan da ya ba ta: tari, minshari, cizon haƙora, kukan yaye. Ba a rubuce suke ko'ina ba, a kansa suke.

Da Injiniya ya fara zuwa gidan, Inna ce ta ɗaure fuska.

"Mutumin da aka ɗauko ya rage ma'aikata, shi za ki kawo mana suruki?"

"Haba, ke kuwa," in ji Baba. "Yaron nan yana da ladabi. Ga shi da tambaya."

Ana yawan cewa yaro mai tambayar manya ɗan albarka ne. Ni dai na ga masu tambaya iri-iri, kuma ba duka ne ke tambaya don girmamawa ba.

Duk Asabar da la'asar yana nan. Rabin awa wurin Mai-ido, awa biyu a tabarmar Baba, waya a ajiye tana naɗa. "Don kada in manta, Baba." Tsoho ya samu mai saurare bayan shekaru, ya buɗe baki har da kwaikwayon ƙarar da leɓe. Mai-ido na leƙen su ta taga tana jin daɗi. A masaƙa kuma Injiniya na ta manna wa injina wasu 'yan na'urori kamar maɓallin riga, masu jin girgiza su kai wa kwamfuta.

Shugaban sashensu, wanda ya daɗe yana neman ta tana kaucewa, shi ya kira ta wata Laraba zuwa sabon ɗakin gilashi, inda aka girke kwamfutar.

"Zo ki gani da kanki, tunda an ce ke ce mai ido."

A babban allo ta karanta: Inji na 14, tari, kwana biyu. Inji na 6, cizon haƙora. Kalmomin da take ji tun tana goye, ga su da jan rubutu. Sannan ya tura mata wata takarda mai sunaye tara. Na Baba ne a sama. Sallama daga aiki ranar Juma'a.

Ta bi takardar har ƙasa, kamar yadda take bin yadi.

"Wannan sa hannunka ne, Oga," ta ce. Ta fita ta bar shi tsaye.

Ta samu Injiniya a bayan inji na shida, ta ja shi inda ƙara ba ta da yawa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sani?"

"Mai-idona, na rubuta musu cewa a bar shi. Manaja ne ya…"

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. Ranar da kake zaune a tabarmarsa, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Na yi ta gaya wa kaina zan shawo kansu."

"Ni kuma ƙofa ce ka bi ta kaina ka shiga."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To ta ina ka shiga?"

Bayan an sallame shi, Baba bai zagi kowa ba. Kullum ƙarfe shida yakan sa kayan aiki, ya zauna a ƙofar ɗaki har rana ta yi zafi, sannan ya tuɓe. Inna ba ta ce "ai na faɗa" ba, kuma wannan shirun ya fi faɗan ciwo. Sau ɗaya Baba ya yi maganar.

"Da ya roƙe ni ilimin nan, da na ba shi. Ai ba da shi za a binne ni ba. Abin da ya tsaya min, ya ci abinci a kwanona, ya san ranar, ya bar ni ina yi masa minsharin inji da baki."

Saƙonnin Injiniya suka yi ta shigowa, Mai-ido ba ta buɗewa. A mako na uku ta rubuta guda ɗaya:

"Kada ka ba ni haƙuri a waya, a ɓoye ka cuce shi. Ranar bikin buɗe ɗakin gilashi ka faɗa a gaban kowa."

Ranar ta zo, an jera kujeru, manaja ya miƙa wa Injiniya lasifika ya yi bayanin fasaha. Ya ce abin da ke cikin kwamfutar nan kunnen Baba Kunne ne, shi ya ɗebo shi ta hanyar da bai kamata ba, yana sane da abin da zai biyo baya. Ya ce ya rubuta sunan tsohon a saman allon, mai son gogewa ya goge da hannunsa. Kashi na biyu na aikin haɗa injinan, wani injiniyan aka ba.

Kada wani ya ce muku gaskiya na mayar da komai inda yake. Ba a mayar da Baba aiki ba, haka sauran takwas ɗin.

Asabar uku Injiniya na zuwa yana tsayawa a ƙofar gida, Baba na cewa a ce yana hutawa. Ta huɗu Baba ya fito, ya dube shi ya daɗe.

"Shigo. Wayar kuma ka bar ta a aljihu."

Da suka keɓe, Mai-ido ba ta yi murmushi ba.

"Ban yafe duka ba, Injiniya."

"Nawa ya rage?"

"Fiye da rabi."

"Zan jira shi a gidanmu ni da ke, in kin yarda."

Ta ɗan kawar da kai. "A gidanmu, duk abin da ka sani, ranar zan sani. Ko mai ɗaci ne."

"Ko mai ɗaci ne, Mai-idona."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka a taƙaice. Inna ce ta riƙe hannun ango ta ƙi saki.

"Ɗan nan, ni ban so ka ba, kuma ka nuna ina da gaskiya. Yanzu sai ka ƙaryata ni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya tun da wuri."

Ango ya ce amin, ya fi kowa ɗaga murya. Amarya ta dube shi ta gefen mayafi, ta ce nata amin ɗin a hankali.