Jar Alamar da Ke Wayar Kaka

A wani gida akwai wata yarinya 'yar aji shida da kowa ke kira Injiniya. Kakanta ne ya laƙaba mata sunan, don ba ta iya ganin waya a hannun mutum ta yi shiru.

"Wayarka ta cika tarkace," za ta ce. Ko kuma, "Wannan rubutun ya yi girma, sai ka ce allon talla."

A ganinta, waya mai kyau ita ce mai baƙar fuska, da ƙananan alamomi a jere, da siririn rubutu. Duk wadda ba haka take ba, tsohon yayi ce. Gaskiya yarinyar tana da kai. Matsalarta ɗaya, ta ɗauka idonta shi ne idon kowa.

Wata rana Malamar kwamfuta ta zana fuskar waya guda biyu a allo. Ta farko mai manyan alamomi, ta biyu mai ƙanana.

"Wacce ta fi?" in ji Malama.

Kafin ta rufe baki, Injiniya ta ɗaga hannu. "Ta biyu ta fi kyau, Malama."

"Ga wa?"

"Ga kowa mana."

Malama ta dube ta, ta yi murmushi. "To, riƙe tambayar. Ba yau nake son amsar ba."

Da yamma Baba ya dawo daga aiki da albishir. Ya ce ranar Asabar za a sayo laftof, kwamfutar da duk gidan za su riƙa amfani da ita.

"Injiniya, ke za ki raka ni, ke za ki zaɓa," in ji shi.

Ai ita ta daɗe da zaɓa. Akwai wata siririya mai ruwan azurfa a tagar shagon da ke hanyar makarantarsu. Kaurinta bai fi na littafin rubutu ba. Kullum sai ta tsaya ta kalle ta kafin ta wuce.

Shi kuwa Kaka, mahaifin Baba ne. Ya dawo gidansu da zama tun bara, bayan rasuwar matarsa, wadda jikoki ke kira Iya. Idonsa ya yi rauni, amma bakinsa bai gaji da tsokana ba. Yana ce wa Injiniya "amaryata", ita kuma ta ce masa "angona mai furfura".

Kullum da safe yakan zauna a kujerarsa ta bakin taga, kofin shayi a gefe, ya kara wayarsa a kunne. Injiniya ta ɗauka labarai yake ji. Ba ta taɓa tambayarsa ba.

Ranar Laraba da rana Kaka ya kwanta. Ya bar wayar tana caji a kan teburin falo. Injiniya ta ɗauka, ta duba, ta taɓe baki. Alamomi manya-manya a warwatse, kowacce da launinta.

"Bari in yi wa angona gyara," ta ce a ranta.

Ta mai da fuskar wayar baƙa. Ta rage girman rubutu. Ta jera alamomin reras a sama. Can ƙasa, a kusurwar hagu, akwai wata jar alama mai hoton makirfo. Ita ce ta fi kowacce muni a idonta. Ta danna ta, ta ce a cire. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna "e" ba tare da ta karanta sauran ba.

Da Kaka ya tashi, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Angona, na yi wa wayarka kwalliya."

"To, amarya ta fara aikin gida ke nan," in ji Kaka yana dariya.

Babban yatsansa ya tafi kusurwar hagu, inda ya saba zuwa. Ya danna, ba abin da ya faru. Ya sake dannawa. Ya kawo wayar dab da idonsa. A hankali dariyar ta bar fuskarsa.

"Ina jar nan ta ƙasa?"

"Na cire ta, Kaka. Ba ta da kyan gani."

Kaka ya ce, "To. Sannu da aiki." Ya sa wayar a aljihu ya koma ɗakinsa.

Washegari da safe ya zauna a bakin taga kamar kullum. Amma wayar tana kan gwiwarsa, ba ta kunnensa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Injiniya ta gaishe shi, ya amsa, amma bai ce "amaryata" ba.

Mama ce ta lura. Ta karɓi wayar ta duba, sai ta kira Injiniya kicin, ta turo ƙofa.

"Ke kika taɓa wayar Kaka?"

"Gyara na yi masa, Mama."

"Ya ce ki gyara?"

Injiniya ta sunkuyar da kai.

"Kin san abin da ke cikin jar alamar nan?" Muryar Mama ta yi ƙasa. "Muryar Iya ce. Ita yake ji kullum da safe. Ba ya ganin rubutu sosai, da wuri da launi yake gane abu. Kuma ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan."

Injiniya ta karɓi wayar ta shiga bincike. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Babu jar alama, babu murya.

"Ban sani ba, Mama," ta ce tana kuka.

"Na yarda ba ki sani ba. Amma da kin tambaya, da kin sani."

Ta je ta durƙusa gaban Kaka ta ba shi haƙuri. Ya dafa kanta.

"Tashi, ba komai," in ji shi. "Abin da nake tsoro kawai, kar in wayi gari na manta yadda take magana."

Wannan maganar ta fi duka zafi. Ranar ko abincin kirki Injiniya ba ta ci ba.

Ranar Juma'a da aka tashi hutun tara a makaranta, ta sami Malama ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye laifinta ba.

Malama ta yi ɗan tunani. "Wayar tana da memori, ɗan katin nan da ake sakawa a ciki?"

"Tana da shi."

"To, wataƙila manhajar kika cire, muryar tana nan a katin. Ban yi miki alkawari ba. Ki cire shi, a duba a kwamfuta. Da na duba miki a nan, amma doka ta hana a saka katin waje a kwamfutocin makaranta."

Ranar Asabar Kaka da kansa ya ce Baba ya cire katin. Injiniya ta naɗe shi a takarda, ta riƙe gam har suka isa shagon.

Siririyar mai ruwan azurfa tana nan tana sheƙi. Mai shagon ya ɗauko ta ya ajiye a gabansu.

"Ga wadda kike leƙe kullum," in ji shi.

Injiniya ta juya ta hagu da dama. "Ina ake saka memori?"

"Wannan ba ta da wurin. Sai dai a haɗa miki da wani ɗan abin jona kati. Ba wuya."

Da a makon jiya ne, da ta ce a naɗe musu. Yau kuwa sai ta juya wajen Baba.

"Baba, gwada rubutu mu gani."

Baba ya ɗora manyan yatsunsa. Duk harafin da ya nema, sai ya danna har da na kusa da shi.

"Wannan ai ta masu yatsun allura ce," in ji Baba.

Ta ce a kunna sauti. Ya fito siriri, sai mutum ya matso zai ji. Ta tuna kunnen Kaka. Ta dubi ƙaramar fuskar, ta tuna yadda Mama ke tsuke ido in tana karatu.

"Akwai wata?" ta tambaya.

Mai shagon ya ɗauko wata baƙa mai kauri da nauyi. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma fuskarta babba ce, madannanta suna da faɗi, sautinta ya cika shagon. A gefenta kuma ga wurin saka kati.

Aka saka katin. Abubuwa suka bayyana da yawa, ba suna sai lambobi. Injiniya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Hotuna ne, sai wani tsohon bidiyo na ruwan sama. Can ƙasa ta ga wani abu mai alamar sauti. Ta danna.

Aka yi ɗan tari. Sai murya ta ce, "Wai wannan abin yana ɗauka ne?"

Baba ya juya fuskarsa wajen bango. Muryar mahaifiyarsa ce.

Injiniya ta tsayar da sautin. "Sauran sai a gaban Kaka," in ji ta. Ta dubi siririyar sau ɗaya, sannan ta dafa baƙar. "Wannan muke so."

Da suka isa gida, ta ajiye laftof ɗin a kan teburin da ke gefen kujerar Kaka. Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. Injiniya ta kama yatsan Kaka ta ɗora a kan madanni mafi tsawo.

"Danna nan, Kaka."

Muryar Iya ta cika falon. "Wai wannan abin yana ɗauka ne? To, ku gaya wa tsohon nan ya sha maganinsa. Kuma ya daina barin shayi yana hucewa, ni na gaji da ɗumamawa."

Sai wata 'yar ƙaramar murya ta ce, "Yana ɗauka, Iya! Ki yi dariya." Iya kuwa ta yi dariya, doguwa, har da tari.

Hawaye ya gangaro wa Kaka, bai share ba.

"Kin gane mai ƙaramar muryar?" ya tambaya.

Injiniya ta girgiza kai.

"Ke ce. Ke kika ɗauka, tun ba ki shiga makaranta ba. Mutum biyu nake ji kullum da safe, amaryata."

Ta kifa kanta a gwiwarsa ta yi kuka, amma wannan kukan ba irin na ranar Alhamis ba ne.

Da yamma Baba ya adana muryar a laftof, ya kuma taimaka mata suka maido da jar alamar. Wannan karon Injiniya ba ta motsa komai ba sai ta tambaya.

"Ina kake son wannan, Kaka? Rubutun ya isa, ko a ƙara?"

"Ƙara. Jar kuma ki mai da ita ƙasa, ta hagu."

Wayar ta koma yadda take, manyan alamomi a warwatse. Kaka ya danna kusurwar hagu ido a rufe, ya kara a kunne. Da ɗaya hannun ya ɗauki shayinsa da sauran zafinsa.

Ranar Litinin Injiniya ta ɗaga hannu tun Malama ba ta yi tambaya ba.

"Na samo amsar, Malama. Abu mai kyau shi ne wanda ya yi wa mai amfani da shi daidai. Kuma ba a gyara wa mutum kayansa sai an tambaye shi."

Malama ta gyaɗa kai. Har yau Injiniya ba ta iya ganin waya ta yi shiru. Amma yanzu abin da take fara cewa shi ne, "Yaya kake son ta?"