Jakar Bintu

Kyari ya fito daga bayi, karo na nawa shi ma ya daina ƙirgawa, ya tarar da matarsa Bintu a bakin ƙofa da jakar tafiya.

"Ina zuwa haka?"

"Adogi. Gidanmu."

Da aka yi masa aikin kansar dubura, likita ya ce an ceto mafitar bayan gida, ba zai rayu da jakar kashi manne a ciki ba. Dangi suka cika gidan nan nasu da ke Azuba da barka. Ga shi yau wata jakar ce za ta kashe shi.

"Me na yi miki, Bintuna?"

"Ka daina cin girkina, Baban Mahir. Ka kwashe shimfiɗarka ka koma falo. In na matso, ka matsa. Bikin ƙanwata a ƙofa ka sauke ni, ka juya mashin ko gaisuwa babu. In na ishe ka ne, faɗa min..."

Mutumin da ke iya sayar wa direba tsohuwar taya a matsayin sabuwa, yau kalma uku kawai ya iya haɗawa.

"Ba ya tsayawa," ya ce da ƙyar.

"Me?"

"Cikin. Ba ya sallama, zuwa kawai yake. Ranar bikin nan... a wando, Bintu. Ni, da furfurata. Alwala ma ba ta kai ni raka'a ta biyu. Tsoro nake ya faru a gadonki."

Jakar ta suɓuce daga hannunta.

"Wandunanka da suka ɓace...?"

"Suna masai."

"Innalillahi! Har gida na bi mai wanki na ce masa ɓarawo!" Hawaye suka zubo mata. "Ka faɗa wa likita?"

"Mutumin da ya ceci raina? In koma in ce masa aikinsa na yoyo?"

Sai ta durƙusa, ta zazzage zannuwanta a ƙasa. Ta zuba wandunansa, sabulu da 'yar buta, ta ja zif.

"Gobe asibiti. Ni zan yi bayani, tunda bakinka na kasuwa ne kawai."

"Ashe dai da jaka zan ƙare."

"Ni zan riƙe ta, masoyi."

Ya buɗe baki zai faɗi magana mai daɗi, cikin ya murɗa. Ya ruga.

Da ya fito, shimfiɗarsa ba ta falo.