Ƙarar da Maimuna Ta Hana a Gyara

Ranar wata Laraba bayan la'asar, a shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka cika garin Keffi da sababbin babura, wata budurwa ta turo keken mata zuwa gindin mangwaron da Lawal yake gyaran kekuna a Tudun Ƙofa. Lawal bai ɗago ba. Yana zaune da ƙafar wani keke a kan cinyarsa, yana taɓa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da farce, kunnensa a kusa, kamar mai ɗaure tsirkiyar garaya. Haka yake aikinsa. Wayar da ta saki tana kuka ƙasa-ƙasa, wadda aka ɗaure da yawa tana kuka sama, shi kuwa ba ya sakin ƙafa sai duk sun yi murya ɗaya.

Ba tare da ya duba ba ya ce, "Sarƙa ce ta bushe. A jingine shi, zan sa mata mai."

"Ba sarƙa ba ce," in ji mai keken. "Boris ɗin ƙafar baya ne, ƙwallayen ƙarfen da ke cikin cibiyarta. Tun daga Jigwada yake min gurnani."

Sai a lokacin ya ɗago. Fara ce ba sosai ba, da garin alli a gefen mayafinta, tana kallonsa kamar yadda ake kallon ɗalibin da ya ba da amsa da sauri. Ya juya ƙafar bayan, ya saurara, ya ga gaskiyarta. 'Yan majalisar da ke zaune a kan benci suka fashe da dariya. Dogara, wani dogon manomi da yake tako kekensa daga Garaku duk ranar kasuwa, ya ce yau an samu wadda ta fi Lawal kunne, sai ya tattara sifanoninsa ya miƙa mata.

Sunanta Huraira, malamar firamare ce a Jigwada. Gyaran da ba ya wuce rabin awa, ranar sai da ya kusa kai su magariba.

Wannan majalisa ta masu son keke ce zalla. A nan ake musun ko sirdin fata ya fi na roba a doguwar tafiya, da yadda ake hawan tudu ba tare da an sauka an tura ba, da ko iskar da aka ɗura wa taya da safe ta fi ta rana daɗewa, abin da har yau ba a yanke ba. Suna kuma da wata al'ada. Akwai rabin durom a jikin mangwaron. Duk wani tsohon ƙarfe da aka cire daga keke a nan ake jefa shi. Mai bukata ya ɗauka, ya jefa wani a madadinsa. Saboda haka da wuya ka ga keken ɗan majalisa wanda babu haƙarƙarin keken wani a jikinsa.

Daga ranar keken Huraira ya kamu da ciwon da ba ya warkewa. Yau birki, jibi faci, gata ƙararrawa. Wata rana da ta isa gida ta ji robar kan keken tana motsi a hannunta. Ta zare, sai ga takarda a naɗe a cikin bututun ƙarfen.

"Malama, na duba kekenki ciki da waje, lafiyarsa ƙalau. Mai gyaran ne ba shi da lafiya. Idan kina da maganin, ki saka a nan. Lawal."

Kwana uku ta bar shi yana jira, sannan amsa ta zo ta wannan hanyar.

"Baƙin Hannu, na ga takardarka da tambarin giris na yatsunka biyu. Rubutunka yana bukatar gyara, amma maganarka ta ci jarrabawa. Ka zo gida ka gaida Baba. Huraira."

Mahaifinta, Malam Abubakar, shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana ɗaukar jakar wasiƙu a keke tsakanin Keffi da Garaku. Matarsa Maimuna ta rasu tun Huraira tana shekara biyar, ƙanwarsa Gwaggo Mero ce ta rene ta. Da Lawal ya durƙusa a zaure ya gaishe shi, tsohon ya daɗe yana kallon faratansa. Bai wulaƙanta shi ba. Ya dai ce shi ya yi rayuwar keke, ya san abin da take ci a jikin mutum da abin da take bari a tukunya. Ya ce zamanin keke yana ƙarewa, nan da shekara goma wa zai kawo faci? Ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma kuma ba zai karɓi magabatan mai gyaran keke ba. Ga Ɗan'azumi akawu, yaron kirki mai albashi, ya riga ya yi magana, kuma manyansa za su zo bayan Sallah.

Lawal yana jin wannan, idonsa yana sama. A jikin azarar zauren wani tsohon baƙin keke yake rataye, tayoyinsa sun tsattsage, gizo-gizo ya yi gida a tsakanin wayoyinsa.

Shawarar tasu ce su biyu, a cikin bututun kan keke aka ƙulla ta. Malam Abubakar zai tafi ta'aziyya ƙauye na mako guda. Huraira ta rubuta, "Idan Baba ya ga abin da hannunka zai iya, zai daina kallon faratanka." Ranar da tsohon ya tafi, Gwaggo tana kasuwa, Lawal ya zo ya sauke keken.

Ya sa masa tayoyi, ya hau don ya ji lafiyarsa. Keke ne na gaske, mai nauyi, mai tafiya kamar ruwa. Amma duk zagayen feda sai ya ce ƙyas, ya ɗan yi shiru, ya ce tak. Lawal ya duba, ya ga sandar fedar dama ta ɗan karkace, tana gogar wata lotsewa a murfin sarƙa. Abin ya ɓata masa kunne. Ya cire sandar da murfin ya jefa a durom, ya nemo masu kyau ya sa. Kwana shida yana wanki da goge da fenti. Da ya gama, keken ba ya fitar da ko numfashi.

Malam Abubakar ya dawo ya tarar da shi a tsaye a zaure yana walƙiya, Lawal a durƙushe a gefe. Tsohon ya matso kusa da keken. Ya ɗaga ƙafar baya, ya juya feda da hannu. Ya sake juyawa. Ya kawo kunnensa kusa, ya juya na uku.

"Ina ƙarar?"

"Na gyara ta, Baba. Sandar ce ta karkace."

Tsohon ya dafa sirdi. "Wa ya ce maka ta lalace?" Ya juya baya. "Ɗauki kekenka, yaro. Wannan ba nawa ba ne. Kada in ƙara ganin ƙafarka a zauren nan."

Gwaggo Mero ce ta warware wa Huraira zancen a ɗaki. Ranar da aka haife ta, labari ya iske mahaifinta a Garaku, ya tako da gudu, ya faɗi a wata gangara, ya tashi ya ci gaba da jini a gwiwa. Daga nan keken ya samu wannan ƙarar. Da ya so ya kai gyara, Maimuna ta hana. Ta ce a duk Keffi babu keke mai irin wannan muryar, da ita take sanin mijinta ya shigo lungu, ta ɗora ruwa kafin ya yi sallama. Bayan rasuwarta ya rataye shi. Amma duk ranar Juma'a, idan ya ga babu kowa, yakan miƙa hannu ya juya fedar sau ɗaya.

Huraira ta yi kuka har idonta ya kumbura. An hana ta bi ta Tudun Ƙofa, wasiƙu suka tsaya. Kullum da yamma babur ɗin Ɗan'azumi yana ƙofar gida, ita kuwa tana fita ta gaishe shi don kunyar Baba, ta komo. Sai kuma labari ya zo mata cewa Lawal ya rufe rumfa, kullum yana hanyar Garaku. Masu kawo labarin suka ƙara da cewa ai Dogara yana da ƙanwa.

Gaskiyar ita ce Gwaggo ta biya ta gindin mangwaro ta faɗa wa Lawal komai, ya kifar da durom bai samu ƙarafan ba. Dogara ya riga ya ɗauke su. Sandar ya ba wani malamin asibiti, shi kuma ya musanya da wani mai kai doya; sai da Lawal ya yi sawu huɗu kafin ya kamo ta. Murfin kuwa yana jikin keken Dogara, amma ya buge lotsewar da guduma ta miƙe sarai, har yana alfahari da aikin.

"Shekara goma kana gyara abin da ya lotse," in ji Dogara yana kwance murfin. "Yau za ka lotsa abin da ya gyaru. Soyayya ta mai da kai baya, abokina."

Sau ɗaya tak Lawal ya taɓa jin ƙarar, amma kunnensa ba ya yar da abin da ya ji. Ya mayar da ƙarafan, ya riƙa bugun murfin kaɗan-kaɗan da kan sifana, ya hau, ya saurara, ya sauka. Ƙyas ɗin ya samu a kwana biyu. Tak ɗin ne ya ƙi, ko ya zo da wuri ko ya yi kauri. Da kansa ya fara ruɗewa, har ya rasa wanne ne na gaske wanne ne nasa. Sallah saura kwana tara.

Wata safiya Huraira ta jingine kekenta a bakin makaranta, da aka tashi ta ji robar tana motsi.

"Malamata, ban gudu ba. Na ɓata abin da ban san darajarsa ba, ina nema in mayar. Kunnena ya gaji, ina bukatar naki. Gobe in kin taso ki tsaya gindin ɗorawar hanya, ki rufe ido. Baƙin Hannunki."

Ta je da fushinta. Ta ce masa ita tana shekara biyar aka rataye keken, me za ta tuna? Kuma yaya ƙanwar Dogara? Lawal ya ce ƙanwar Dogara tana da jikoki uku, tana gaishe ta. Huraira ta danne dariya, ta rufe ido.

Ya wuce ta gabanta. Ta ce ba ta ji komai ba sai ƙarfe. Ya sauka ya buga, ya sake wucewa. Haka suka yi yamma uku. A ta huɗu, bayan wani ɗan bugu da bai kai a kira shi bugu ba, ya tako a hankali. Ƙyas. Tak. Ƙyas. Tak. Ya juyo ya ga ta zauna a kan saiwar ɗorawa, hawaye yana bin kumatunta, idon har yanzu a rufe.

"Na ga zanen Inna," ta ce. "Shuɗi. Tana tashi daga tabarma da sauri, ta taka min yatsa."

Lawal ya ajiye sifanar a aljihu, bai ƙara taɓa murfin ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Malam Abubakar yana zaune a zaure, ƙugiyar azara babu komai a kanta. Lawal ya shigo lungun a kan keken, yana takawa a hankali, kamar mai ɗauke da jakar wasiƙu bayan doguwar tafiya. Huraira tana leƙe ta bayan labule. Ta ga carbin ya tsaya a hannun mahaifinta. Ta ga ya juya kansa, ba wajen titi ba, wajen cikin gida, kamar mai jiran wani ya tashi ya ɗora ruwa.

Lawal ya sauka a ƙofa. An hana ƙafarsa zauren, don haka daga waje ya durƙusa, yana riƙe da keken.

"Baba, na kawo kayanku. Fentin ne kawai na kasa mayarwa. Ku yafe mini."

Tsohon ya fito, ya juya fedar da hannu, ya saurara. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya tambayi kwana nawa aikin ya ci. Lawal ya ce goma sha tara. Ya tambaya wa ya gaya masa ya yi daidai. Lawal ya sunkuyar da kai, labule ya motsa.

"Masu gyara suna da yawa," in ji Malam Abubakar. "Wanda zai san abin da ba a gyarawa shi na daɗe ban gani ba. Kai ma sai da ka ɓata ka sani." Ya goge idonsa da hannun riga. "Shigo, kana tare wa mutane hanya."

Washegari da kansa ya taka gidan su Ɗan'azumi ya ba da haƙuri, ya ce yarinya ta nuna inda zuciyarta take. Ɗan'azumi ya ji zafi, amma ɗan mutunci ne, har ɗaurin aure ya zo.

Bayan Sallah da wata ɗaya aka ɗaura. 'Yan majalisa suka zo su goma sha bakwai a kan kekuna, an ɗaure wa kowanne ƙyalle a kai, suna kaɗa ƙararrawa har yaran unguwa suka bi su. Dogara ya kawo gudunmawar doya da guduma, ya ce ta lotsa abubuwa ce in an sake yin faɗa.

Da za a fita da amarya, Malam Abubakar ya turo baƙin keken ya miƙa wa ango. Ya ce ba rataya ake yi da shi ba, hawa ake yi, kuma sharaɗinsa ɗaya ne. Lawal ya ce ya san sharaɗin. Tsohon ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba. Mutane suka shafa.

Sun zauna a Tudun Ƙofa. Maƙwabta sun ce ba su taɓa bukatar agogo da yamma ba. Da zarar ƙyas da tak sun shigo lungu, sai a ji Huraira ta ture littattafan 'yan makaranta ta tashi, ta ɗora ruwa. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan.